Gwaggo da Hoton da Na Turo Daga Indiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, a ɗakinta da ke gidanmu na Gummi, kuma kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Ba ta bar ɗa ko jika na cikinta ba. Saboda haka ni aka zaunar a tabarmar zaure kusa da Baba, ni ake miƙa wa hannu.

Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. Dangin Inna na Bukkuyum sun iso tun kafin a gama haƙa kabari. Washegari mata daga Duza da Tungar Daji suka ciko mota guda, duk da halin da hanya take ciki. Wata tsohuwa daga Tungar Guru ta ƙi wucewa cikin gida sai da ta tsaya a bakin zaure ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Shekarar da gubar dalma ta kashe muna yara, jikokina ukku wagga baiwar Allah ta wanke. Ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Ko ruwan gidanmu ba ta sha ba, ta ce mu bar wa masu jinya."

Daga cikin gida kuwa kukan matan unguwa ke tashi. Da na shiga ɗaukar buta, na tarar da Inna a bakin madafa tana kallonsu, idonta a bushe.

"Dubi masu kuka," ta ce da ni a hankali. "Rabinsu shekara shidda ba su taka ƙohwar ɗakinta ba."

Na koma zaure. Duk wanda ya kama hannuna sai ya ce, "Kai kam ka yi mata abin da ɗa ka yi wa uwa. Har Indiya ka kai ta. Allah shi saka ma." Ni kuma ina cewa amin, ina kallon tabarma.

Gwaggo ungozoma ce, kuma ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Ƙwaryarta daban take, a rataye a bayan ƙofa, da sabulu da ganyen magarya a ƙulle cikin wani tsohon ɗankwali. In aka yi sallama aka ce wance ta cika, ba ta tambayar ciwon me. Takalminta kawai take nema. In ta dawo ta yi wanka, ta zauna ta dafa shayinta, ba wanda zai ji ko kalma ɗaya a kan abin da ta gani. Na taɓa jin wata maƙwabciya tana lallaɓa ta, wai ko gaskiya ne an ga tabon duka a jikin wata mamaciya. Gwaggo ta ce, "Ni wanka anka kira ni, ba kallo ba." Ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Shayin nan nata abin dariya ne a gidanmu. Da madara take tafasa shi, ta jefa citta da kanumfari, ta riƙa juye shi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba ya zuba. In ta yarda da magana kuma ba ta gyaɗa kai kamar kowa, sai ta langaɓar da shi dama da hagu. Muna yara mukan kwaikwaye ta a bayan idonta. Sai da na girma na san inda ta samo su.

Tana da ƙuruciya mijinta ya rasu, ɗan da ta haifa masa ma bai yi wata biyu ba ya bi shi. A lokacin akwai Indiyawa da ke koyarwa a makarantun sakandare na ƙasarmu. Wani malamin lissafi da matarsa suna neman mai raino, sai aka kai Gwaggo. Shekara shida ta yi a gidansu. Ita ta goyi ɗansu a bayanta har ya yi wayo, da Hausa ya fara magana kafin yaren iyayensa. Matar malamin Gwaggo take kira uwar ɗakina, yaron kuma ɗan goyona. Da suka koma ƙasarsu, labari ya yanke kusan shekara arba'in.

Sai ga shi wata rana wani Ba'indiye mai furfura a gefen kai ya yi sallama a zaurenmu. Aiki ya kawo shi Najeriya, ya bi tambaya har ya gano gidan. Da Gwaggo ta fito, ya durƙusa ya taɓa ƙafarta. Ita kuwa ta kama kunnensa ta juya, tana neman wani tabo da ya ji a gindin mangwaro, da ta gan shi ta fashe da kuka. A ranar ya lura da maƙoƙon da ke wuyanta, wanda ya girma har yana hana ta kwanciya rigingine. Ya ce iyayensa na raye, suna son ganinta, kuma a can za a yi mata aiki. Shi ya ɗauki nauyin komai. Aka ce ni zan raka ta, don ni ne ma'aikacin lafiya a gidan, a Anka nake aiki, kuma ina jin Turanci.

Aikin ya yi kyau. Tsohon malamin ya zo asibiti a keken guragu, ya ce mata, "Sannu, sannu, ina gajiya," iyakar Hausar da ta rage masa ke nan. Kwana tara bayan haka ya mutu.

Gwaggo ta ji cewa ƙone gawarsa aka yi, bisa al'adarsu. Matar da ta yi shekara talatin tana tattalin gawa, tana rufe ta kada ko iska ta gan ta. Sai ta ce, "Mutum mai haƙuri. Bai taɓa ɗaga mani murya ba." 

Saura kwana huɗu mu taso, uwar ɗakinta ta zo da wata buƙata. Za ta kai tokar mijinta teku, a wani gari da ke can ƙarshen ƙasar ta kudu, kuma a hanya za ta tsaya a gidajen bautarsu guda biyar da suka yi alkawarin zuwa tare ba su samu ba. Tafiyar mako guda ce a mota. Ta kama hannun Gwaggo ta ce da 'yar Hausarta, "Ki zo. Ni tsoro."

Na ce ba za mu ba. Gwaggo ta ce za mu. Ɗan goyonta ya ɗaga mana ranar jirgi.

Mu biyar ne a motar: direba, ɗan goyon a gaba, ni da tsofaffin biyu a baya, tokar tana cikin wata 'yar tukunyar tagulla a cinyar matar. Muka yi ta wuce gonakin shinkafa da itatuwan kwakwa. Abinci shinkafa ce a kan ganyen ayaba, ba nama, safe da rana. Ni raina a ɓace yake tun daga fitowa, Gwaggo kuwa kallo take ta taga tana tambaya. Ta ga shanu kwance a tsakiyar titi motoci na kauce musu, ta ce da Fulanin wajenmu sun ga wannan da sun ƙaura gaba ɗaya. Da rana ta karkata, uwar ɗakin ce ke taɓa kafaɗar direba ya tsaya mu yi salla, ba ta manta lokutan ba. Ranar farko na duba waya na ce wa Gwaggo alƙibla tana yamma. Ta yi dariya har ɗinkin wuyanta ya yi mata zafi.

"Shekara sittin ina kallon gabas, yau ka ce in ba ta baya? To, Allah ɗaya na. Shimhiɗa tabarmar."

Gidan bauta na farko ya ba ni tsoro, ba zan ɓoye ba. Hasumiya ce doguwa, tun daga ƙasa har sama gumaka ne masu launi iri-iri, wasu da hannu huɗu, wani da kan giwa. Ga ƙararrawa, ga wani abin busa mai kama da algaita, ga ƙamshin turaren wuta ya cika ko'ina. Har giwa ta gaske akwai a bakin ƙofa, tana ɗora wa mutane hanci a ka. Uwar da ɗanta suka tuɓe takalma suka shiga. Gwaggo ta zauna a inuwar katanga, ta jawo takalman kusa da ita, ta fito da casbi. Haka ta yi a na biyu.

A nan, a gindin wata bishiya, muka yi faɗan da ban taɓa yin irinsa da ita ba. Na ce mata wannan shirka ce muke rakiya. Na ce da wane ido za mu kalli mutanen gida. Na faɗi abubuwan da na karanta, na ɗaga murya, har masu sayar da furanni suka juyo.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ka ƙare? To saurara. Shekara shidda, duk sallar idi, matar nan ka raka ni har bakin hili. Ta tsaya cikin rana da laima, yaron a hannunta, takalmana a gabanta, har a sallame. Ba ta musulunta ba, ni ko ban ce ta yi ba. Sa'ad da nis shiga gidanta ba ni cin abinci, ba ni barci, ita ta zauna tana ba ni a baki awa jinjiri. Yau mijinta na cikin tukunya bisa cinyarta, ka ce in bar ta da wa? Ban shiga ba, ba ni shiga. Amma ina kai ta ƙohwa."

Maganar tata ta ƙara mini haushi.

Na uku a kan dutse yake, sai an hau matakala mai yawa. Ɗan goyon ya riga ya yi gaba da tukunyar. Tsohuwar ta hau kaɗan gwiwarta ta ƙi, farantin da ke hannunta, mai kwakwa da ayaba da furanni, ya fara rawa. Gwaggo ta dube ni. Na kau da kai. Sai ta miƙe, da bandeji a wuya, ta karɓi farantin da hannu ɗaya, ta riƙe matar da ɗayan, suka riƙa hawa suna hutawa. Da suka kai sama ta miƙa mata farantinta, ta juya ta zauna a matakalar ƙarshe, ta ba wa ƙofar baya. Ina ƙasa ina kallonta tun daga zamanta har fitowarsu. Ba ta motsa daga wurin ba.

Amma kafin ta zauna, a daidai lokacin da take tsaye da farantin a hannu, gumakan na saman kanta, na ɗaga waya na ɗauke ta hoto. Na tura wa wani abokina a Gummi, na rubuta a ƙasa: ga inda Gwaggo ta kawo mu. Ban ce masa ya nuna wa kowa ba. Ban kuma ce kada ya nuna ba.

Sauran tafiyar ta wuce lafiya. A bakin teku uwa da ɗa suka shiga ruwa har gwiwa suka zuba tokar. Gwaggo na tsaye a kan yashi da mayafin matar a kafaɗarta. Da tsohuwar ta fito tana karkarwa, ta lulluɓe ta, ta goge mata ƙafafu, ta sa mata takalmi. Ni a lokacin har na manta da hoton.

Shi kuwa ya riga mu isa gida.

Mun dawo da kamar mako uku aka yi rasuwa a unguwa, matar wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi. Gwaggo ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi kamar kullum. Ina cikin mazan da ke zaune a zauren gidan lokacin da ta yi sallama. Ƙanen mijin ya tare ta.

"Gwaggo, a koma a huta. An samu mai yi."

Ta tsaya. "Wa anka samu?"

 Sai mijin mamaciyar ya ɗago ya dube ni. Mutumin kirki ne, kuma na ga a fuskarsa yana son in ba shi mafita.

"Kai kana wurin," ya ce. "Ka hwaɗa muna tsakaninka da Allah. Ta shiga ɗakin gumakan nan ko ba ta shiga ba?"

 Akwai malaman da nake karatu a wurinsu a zaune, akwai abokin da na tura wa hoton. Na ji tsoron a ce ni ma na je, me na yi na hana. Na ji tsoron a ce ina kare shirka. Sai na ce, "Ni dai ban bi ta sama ba. Allah shi ya san gaskiya."

Ban yi ƙarya ba ko ɗaya a cikin maganar nan, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba.

Gwaggo ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da take yi wa jariri in tana son ta gane ko yana numfashi. Sannan ta ce, "Allah shi gahwarta mata," ta juya da ƙwaryarta.

Da yamma ta aika a kira ni. Na same ta tana juye shayi. Ta ce in nuna mata hoton da ake magana. Na nuna. Ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana dubawa.

"Ashe wuyan ya koma daidai," ta ce. "Kai kaɗ ɗauka?"

"Ni ne, Gwaggo."

Ta langaɓar da kai dama da hagu, ta miƙo mini wayar, ta miƙo mini kofi. Na zauna ina jiran faɗa. Ta tambaye ni ko matata ta fara jin motsin cikin.

Daga nan unguwa ta janye. Ba wanda ya zage ta a fuska. Kira ne kawai aka daina, ga haihuwa ga mutuwa. Baba ya shiga ɗakinta ya ce ta fito ta yi bayani, ko ta ce ta tuba a wuce wurin. Ta ce, "In tuba da mi? Wanda yag gani na nan." Baba bai gane da wa take ba. Ni da ke tsaye a tsakar gida na gane.

Mutanen ƙauye ne ba su bar ta ba. Shekarar dalma tana wurina a Anka, ta riƙa bin motarmu ta ma'aikatan lafiya zuwa garuruwan da yara ke mutuwa, don iyaye mata sun gaji har ba mai ƙarfin yin wankan. Waɗannan ba su tambayi hoto ba. Har ƙarfinta ya ƙare suna aiko babur ya ɗauke ta. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu, ta farkon ma sunanta na sa mata, ina ganin kamar hakan zai isa. Ta yi murna, ta riƙa kiranta takwara. Maganar zaure ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Sau da yawa na shiga ɗakinta da niyya, sai in ce bari sai ta gama salla, bari sai baƙi sun tafi, bari sai na dawo daga Anka. Ranar da ta cika ina Anka.

Kwana biyu da rasuwar na kira ɗan goyonta na gaya masa. Ya yi kuka kamar yaro. Ya kai wa uwarsa wayar, tana kwance, ta tsufa ƙwarai, muryarta da ƙyar take fita. Shi yake fassara mini. Ta ce duk wata suna magana da Gwaggo. Ta ce Gwaggo ta gaya mata mutanen gari sun yi murna da dawowarta, kuma aiki ya yi mata yawa har ba ta hutawa. Sannan tsohuwar ta karɓi maganar da kanta, da Hausa: "Kai yaro mai kirki. Ta ce."

Ranar addu'ar uku, bayan liman ya shafa, mutane sun fara neman takalma, na miƙe na ce a ɗan dakata.  Na ce ni na ɗauki hoton nan, ni na turo shi, cikin fushi. Na ce a gidajen bauta biyar da muka je Gwaggo ba ta taka cikin ko ɗaya ba. Na ce ranar hoton tsohuwa ta taimaka wa ta hau matakala, bayan ni na ƙi, kuma ina kallonta ta zauna a waje da casbinta har aka fito. Na ce na san haka ranar da aka tambaye ni, na ɓoye.

Wasu suka yi salati. Baba ya rufe fuska da babbar rigarsa. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya kuma ce duk wanda ya san ya yi zato ya nema wa kansa gafara. Wani ya dafa ni ya ce na yi ƙoƙari, ba kowa ke iya wannan ba. Na so a ce bai faɗa ba.

Mai hatsin ne ya fita a ƙarshe. Shi ma ya tsufa, da sanda yake tafiya. Ya tsaya a gabana, bai miƙo hannu ba.

"Matata ta bar wasiyya," ya ce. "Tun tana jinya tac ce kada kowa shi taɓa ta sai Gwaggo. Shi ya sa nit tambaye ka."

Ya sa takalminsa ya tafi.

Gwaggo, ban nemi gafararki kina ji ba, yanzu sai dai in nema a wurin Wanda ke jin mu duka. Ya Allah ka haskaka kabarinta, ka suturta ta kamar yadda ta suturta bayinka, ka jiƙan matar mai hatsi. Wanda ya karanta wannan ya yi musu addu'a su biyun. In ya ga dama, ya sa da ni.